Turaren da Na Yi wa Nunuwa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ido haske, ya ba kunne amo, ya ba hanci rabonsa daga iska, ya kuma zuba halittu iri-iri a wuraren da ƙafar fatake ba ta taɓa takawa ba. Ni ce Tasalla 'yar Barmo, mai haɗa turare a birnin Tsamiya Bakwai. Na yi tafiyar shekara biyu da wata huɗu, na ƙetare daji da hamada da kogin da ba na ruwa ba. Abin da zan ba ku labari idona ne ya gani, kuma mafi muninsa hannuna ne ya aikata.

Shekara talatin na yi ina haɗa humra da turaren wuta. Ba a kai amarya ɗaki a garinmu sai kaskona ya riga ta shiga. Ɗakina ba ya rabo da hayaƙi, gashina da tufafina da fatar jikina duk sun sha mai sun ƙoshi. Ana nan, wata safiya na buɗe kwalbar kajiji na kai hanci, ban ji komai ba. Na buɗe ta farce, shiru. Na je madafa na shinshina daddawa, ita ma shiru. Ba mura nake yi ba, hancina ne ya mutu.

Na ɓoye maganar, domin mai turare marar hanci abin dariya ce. Na ci gaba da haɗi da ka, kuma duk lokacin da na yi shakka sai in ƙara. Wannan ne halina tun ina yarinya, ku riƙe shi, za mu dawo kansa. Asirina ya tonu ranar da wata uwar amarya ta dawo mini da kwalba a gaban mutane, ta ce humrata ta kwantar mata da 'ya kwana uku da ciwon kai, ango kuwa a zaure yake cin abinci. Na zage ta tas, na rufe ƙofa, na yi kuka.

Wani tsohon falke da ke kawo mini itacen turare shi ya ba ni labarin Ƙasar Kumfa. Ya ce a bayan Kogin Ƙullu akwai wasu mutane da ba su da ido, ƙamshi ne hanyarsu, ƙamshi ne aurensu, in akwai masu sanin maganin hanci a duniya to su ne. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗaure kaskona, da buhun gawayi, da auduga, da gorar mai, na bi ayari.

Ba zan gajiyar da ku da wahalar hanya ba, sai dai Kogin Ƙullu ba a wuce shi da baki rufe. Fari ne fat, mai kauri, yana tashi yana faɗawa kamar ƙullun waina da ya kwana, ba ka hango ɗaya gaɓar. Mai fito ɗaya ne a wurin, wani kurman dattijo wai shi Mantau, wanda ya kunna fitila da rana tsaka ya ajiye ta a ƙasan kwalekwale. Na yi masa dariya. Sai ya nuna mini da hannu cewa kumfar kogin tana fitar da wata muguwar iska mai nauyi da ke kwanciya ƙasa-ƙasa, in fitila ta mutu to in miƙe tsaye, in ba haka ba ni ma in mutu. Muna tsakiyar kogi wata ƙatuwar kumfa ta taso a ƙarƙashinmu, ta ɗaga kwalekwalen sama har na hango tsuntsaye a ƙasa da mu. Mantau ya saki sandarsa ya hau salati. Na san in kumfar ta fashe da kanta mun halaka, sai na zare tsinken kitso daga kaina, na sunkuya na huda ta ɗan ƙaramin huji. Ta riƙa sacewa a hankali, muka sauko kamar ana sauke tulu daga kai. Da muka kai gaɓa Mantau ya ƙi taka ƙasa. Ya ɗaga yatsu uku, wato bayan wata uku zai dawo, ya juya.

Na waiwaya na ga fili iya ganin ido, cike da wasu abubuwa masu kama da randuna, farare, a jere babu tsari. Gajiya ta ci ƙarfina. Na manta da gargaɗin fitila, na kwanta a ƙasa na jingina kaina da ɗaya daga cikinsu. Nan take kaina ya yi nauyi, numfashina ya riƙa yankewa, na so in tashi na kasa.

Na farfaɗo na ji ni a sama. Randar da na jingina da ita ta kumbura kanta, ta tura kaina da kafaɗuna har suka fita daga muguwar iskar. Na dafa ta don in gyara zama, sai na ji murya ta shigo ta tafin hannuna ta bi ƙashina har kunne.

"Sannu, baƙuwa. Kada ki sake kwanciya ƙasa."

Na yi tsalle na faɗi can gefe. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin randa ta yi gaisuwa ba. Da na ga ba ta biyo ni ba, na lallaɓo na sake ɗora hannu, ta ce sunanta Nunuwa. Haka suke magana, sai an taɓa su. Su ne mutanen ƙasar, ni na sa musu suna Dunƙulawa. Ba ido, ba ƙafa, manne suke da ƙasa, in an ɓamɓare ɗayansu ya mutu. Ƙasar tasu tana tsattsafo da wani ruwa mai zaƙi kamar na rake, shi suke sha ta fata, ni ma shi na rayu a kansa. Nunuwa ta nuna mini inda zan tona in samu mai kyau, ta kuma ce in riƙa barci a zaune a jingine da ita. Tun daga ranar take kirana Yaya.

Kwana uku da zuwana na ga wani ƙullutu ya fito mata a gefe. Na ɗauka maruru ne, har na zaro tsinke na ce ta daure in fasa mata. Ta yi dariya har jikinta ya girgiza. Kafin la'asar ƙullutun ya kai girman ƙwarya, ya tsinke ya faɗi gefenta ya manne da ƙasa. Na taɓa shi, ya gaishe ni. Na zauna daɓas ina salati. Haka suke haihuwa, ba miji ba naƙuda, kuma kowace haihuwa tana barin zagayayyen tabo a jiki. Da tabon suke ƙirga tsufa, ba da shekara ba. Nunuwa tana da uku.

Kusa da ita akwai kakar kakarta, mai tabo ashirin da takwas, kowa na kiranta Gwaggo Tabo. Tsohuwa ce mai kaifin baki. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, sai ta ce wato mai turare ce ta zo ƙasar makafi neman hanci, lalle duniya ta zo ƙarshe. Na ji haushi ƙwarai, na ƙudurta ba zan ƙara tambayarta komai ba. Amma kafin in janye hannuna ta riga ta bayyana mini yadda ƙasarsu take.

Gida biyu ne, 'yan Raɓa da 'yan Zuma. A ido ba ka bambanta su, kuma ba mace ba namiji a cikinsu, ni ce dai nake cewa "ita" ga 'yan Raɓa, "shi" ga 'yan Zuma, don harshena ya samu abin kamawa. Kowane gida yana da ƙamshin da yake fitarwa, ba ya jin nasa, sai na ɗaya gidan. Shekara-shekara akwai Babban Rani, lokacin da ƙasa ke daina tsattsafo. Wanda rani ya tarar shi kaɗai, tsagewa yake yi ya mutu. Waɗanda suka haɗu biyu suka zama ɗaya su kaɗai ke iya yin ɓawo mai tauri, su ɓoye 'ya'ya huɗu a ciki har ruwa ya dawo. Tun da ba su da ƙafa, in ɗayansu ya ji ƙamshin ɗaya gidan sai ya daina haihuwa, ya tattara ƙarfinsa duka ya fitar da hannu guda, ya miƙa shi wajen da ƙamshin yake, taƙi ɗaya a yini. Wancan ma ya miƙo nasa. In kan hannu ya haɗu da kan hannu, fata ta buɗe, shi ke nan an yi aure. Kowa rabin hanya yake iya kaiwa. Matashi yana da ƙarfin miƙa hannu sau biyu a rayuwarsa, tsoho sau ɗaya.

Wata biyu da zuwana gefen filin ya fara bushewa. Wata safiya na dafa Nunuwa na ji jikinta da ɗumi. Ta ce ta daina haihuwa, akwai wanda take ji, can ƙasa-ƙasa, kamar ana kiran sunanta daga bayan gari. Na bi inda ta kwatanta, taku biyar kacal, na tarar da shi. Sunansa Tamɓal, ɗan Zuma ne, miskili, in ka yi masa magana goma ya amsa ɗaya. Ya ce shi ma yana jin ta. Na dawo na ce da Nunuwa ta yi dace, sai dai fira za ta yi mata wuya.

A ranar ne na lura da 'yan shara. Wasu ƙwari ne farare, ƙanana kamar dusa, suna fitowa daga fatar 'yan Raɓa suna shawagi a kewayensu. Na tambayi Nunuwa aikinsu, ta ce ƙamshin 'yan Zuma suke ci. Na ce don me? Ta ce ita ma ba ta sani ba, haka ta taso ta same su.

Raina ya ɓaci. Ga bawan Allah yana ta aiko da ƙamshi da iyakar ƙarfinsa, ga wasu 'yan banzan ƙwari suna cinyewa a hanya, yarinya tana ji da ƙyar, ga rani ya matso. A ganina ƙwarƙwata ce kawai irin tasu. Gwaggo Tabo tana taku biyu daga inda nake, da na miƙa hannu na tambaye ta da ba a yi abin da aka yi ba. Amma na tuna dariyar da ta yi mini. Na ce a raina, yau za ta san mai turare ta zo garin. A garinmu ba a kai amarya sai an turara ta, kuma wannan amaryar ta ceci raina, ba ni da abin ba ta da ya wuce sana'ata.

Kwana uku na yi ina shiri. Na jiƙa auduga da mai, na bi 'yan Zuma ɗaya bayan ɗaya ina goge musu jiki, har guda arba'in, domin mai yana riƙe ƙamshi, kowace mai humra ta san haka. Su suna ta godiya, sun ɗauka susa nake musu. Sannan na jiƙa mayafina da ruwan zaƙi na riƙa kaɗa shi a kan 'yan Raɓa, 'yan shara suna mannewa, ina kakkaɓe su cikin gora ina toshewa. Ban tsaya kan Nunuwa kaɗai ba, na yi wa duk maƙwabtanta, har da Gwaggo, wai ina yi musu alheri.

Da hantsin rana ta huɗu na hura gawayi a kasko, na ajiye shi a gaban Nunuwa, na ɗora auduga. Hayaƙi ya tashi siriri. Ni ba na jin komai, sai na yi shakka, na ƙara. Na sake duba shi na ga kamar bai isa ba, na juye sauran duka. Hayaƙin ya turnuƙe, ya kwanta ƙasa-ƙasa ya malala cikin filin. Har guɗa na yi, Allah ya yafe mini.

Na dafa ta ina murmushi, ina jiran godiya. Jikinta yana rawa.

"Yaya, yana ko'ina," in ji ta. "Yana gabana, yana bayana, yana kaina. Ba shi kaɗai ba ne, suna da yawa. Ban san inda yake ba. Me ya faru?"

Na kife kaskon na tattake garwashin da ƙafa, amma hayaƙi ya riga ya tafi. Na bi 'yan Raɓa ina taɓawa, kowacce magana ɗaya take yi, wasu ma ba sa iya magana, sai rawar jiki.

Washegari hannaye suka fara fitowa, kuma abin da na gani har gobe yana zuwa mini a ido. Da yake ƙamshi ya yi daidai ta kowane gefe, babu wadda ta san gabas balle yamma, sai kowacce ta fitar da hannunta a gefen tabonta na ƙarshe, inda jikinta ya saba buɗewa. Wata ta miƙa wajen kogi. Wata ta miƙa sama, ba kowa sai rana. 'Yan'uwa biyu suka miƙa wa juna, kan hannu ya taɓa kan hannu, fata ba ta buɗe ba, suka tsaya haka. Hannun Nunuwa ya fita ta baya, ya juya wa Tamɓal baya sarai. Na kama shi da hannu biyu ina ƙoƙarin lanƙwasa shi, ta ce in bari, zai karye, ta kai kawai yake tsiro. A ɗaya gefen kuwa 'yan Zuma ba abin da ya ruɗa su, hannayensu suka taho daidai, suka kai rabin hanya, suka tsaya a iska suna jira.

Na ja ƙafa na je wurin Gwaggo Tabo. Hannunta, guda ɗayan da ta yi ta tanadi tun tana da tabo uku, ya miƙe wajen wani baƙin dutse. Na durƙusa na ɗora tafina a jikinta, na faɗa mata duk abin da na yi, ban rage komai ba.

"'Yar nan," in ji ta, "wa ya ce miki yawan ƙamshi muke bi? Bambanci muke bi. Wannan gefen ya ɗara wancan kaɗan, sai mu san hanya. 'Yan shara suna cinye wanda ya kwana, don sabo ya nuna inda ya fito. Ke kin kama masu shara, kin kuma zuba mana kasuwa guda a ka."

Na ce ta zage ni, ta tsine mini, na cancanta. Ta ce ba ta da ƙarfin ɓatawa a kaina. Nata ya ƙare, amma Nunuwa da sauran matasa suna da saura hannu ɗaya, in har iska ta yi tsabta kafin ƙasa ta bushe. Sai ta tambaye ni, da sauran kaifin bakinta, ko a cikin shekara talatin na sana'ata an taɓa koya mini yadda ake cire ƙamshi, ko ƙarawa kawai na iya.

An koya mini. Uwata takan wanke kwalba da toka, ta sa gawayi a ciki ya kwana, kafin ta zuba sabon haɗi. Ni ce na daina, don ina ganin ɓata lokaci ne. Na kwance buhun gawayin, na daka shi da dutse har tafina ya fashe, na barbaɗa a kewayen Nunuwa da duk wadda na iya kaiwa. Na buɗe gorar, fiye da rabin 'yan shara sun mutu, sauran suka fito da ƙyar suka kama aiki. Na yi ta fifita da mayafi ina kora iska wajen kogi. Kwana uku ina wannan, ƙasa kuwa tana ta darewa tana matsowa, har na fara tona kamu guda kafin in samu abin sha.

A rana ta huɗu hannun farko na Nunuwa ya yanƙwane ya faɗi, wani sabon tsiro ya ɓullo. Na yi hamdala. Sai na duba da kyau na ga ba Tamɓal yake kallo ba, inda nake zaune yake kallo. Na ce ƙila dacewa ce, na koma ɗaya gefen. Kafin azahar kan tsiron ya karkato ya biyo ni.

Sai na gane dalili. Hayaƙin ya shiga gashina da zanena, kuma fatar da ta sha mai shekara talatin ta riƙe shi gam. A duk filin babu ɗan Zuman da ya kai ni ƙamshi, su kuwa wanda ya fi ƙarfi suke bi. Ƙanwata tana miƙo mini hannunta na ƙarshe, tana tsammanin mijinta ne.

Na ruga wurin Gwaggo, wadda muryarta ta riga ta yi ƙasa. Na ce in wanka ne ba lokaci, tsiron ya riga ya fito, amma in na tsaya a bayan Tamɓal fa? Ta ce dabara ce, za ta jawo hannun zuwa hanya, sai dai ba za ta ƙarasa aikin ba. In ya zo kusa zai kauce wa na Tamɓal ya nemi ni. Taƙin ƙarshe dole ya zama shi kaɗai take ji. Ta ce in na ga haka in tafi nesa, inda iska ba za ta kawo ni ba, kuma kada in kuskura in taɓa Nunuwa don sallama, domin taɓawa ɗaya ta isa ta juya hannun.

Na tafi bayan Tamɓal na tsaya. Kwana huɗu ina nan, ina kallon hannunta yana tahowa taƙi-taƙi a kan baƙar ƙasar da na barbaɗe da gawayi. Taku biyar ne tsakanina da ita, ina da magana cike da ciki, ba halin faɗa. Ban ma nemi gafararta ba. Tamɓal bai ce mini komai ba sai sau ɗaya, da na dafa shi don jiri ya ɗebe ni. Ya ce, "Ki tsaya daidai, kina karkata ta hagu."

Da hantsin rana ta biyar saura taƙi ɗaya tsakanin hannayen biyu. Ina kallo kan nata ya fara lanƙwasa, zai wuce ta gefen nasa ya zo gare ni. Na ɗauki buhun da ɗan ragowar gawayi a ciki, na zura da gudu, ban waiwaya ba. Na bi inda iska ke tafiya har na kai bakin kogi, na hau wani tudu. Na ƙona zanena da mayafina, na aske kaina da wuƙa, na goge jikina da toka da sauran gawayi har fata ta yi jini, na ɗaura buhu. Kwana bakwai na yi a tudun nan, ban san ko hannun ya gyaru ba, ko ya bi sawuna ya ƙare a iska. Tsoro da kunya suka hana ni sakat, na rame na zama kamar kara.

A rana ta takwas na sauko. Filin ya bushe ƙurmus. Ko'ina fatu ne a tsage, wasu da hannu a miƙe wajen da ba kowa. Na ƙirga waɗanda hayaƙina ya kai gare su suka rasa hanya, tsofaffi da waɗanda gawayina bai isa wurinsu ba, na samu sittin da ɗaya, banda 'yan Zuman da suka mutu suna jiransu. Gwaggo Tabo ta dare gida biyu, kan hannunta yana taɓa dutsen.

Na juya inda Nunuwa take. Gurbinta ba kowa, sai busasshiyar fata. Gurbin Tamɓal ma haka. A tsakiya, inda hannayen suka nufa, akwai wani abu mai ruwan ƙasa, mai ciki biyu kamar gora, ɓawonsa ya fara tauri. Na durƙusa na ɗora hannu. Muryar ta zo daga nesa, kuma ba tata ba ce, ba tasa ba. Na ce Nunuwa nake nema. Aka ce babu Nunuwa, babu Tamɓal, yanzu ɗaya ne, ba ya fitar da ƙamshi, ba ya kuma jin na kowa, 'ya'ya huɗu suna kwance a ciki. Na tambaya ko an san ni.

"Ke ce mai ƙafafu," in ji muryar. "Ta bar miki magana kafin fata ta buɗe. Ta ce ta san ke ce a bayansa tun rana ta biyu, ta kasa hana hannun bin ki. Ta ce sa'ad da kika tafi ne ta ji shi shi kaɗai, kuma ta gode da kika tafi."

Na sake magana, ba a amsa ba, ɓawon ya rufe. Na kifa goshina a kansa na ja numfashi don in yi kuka, sai wani abu ya bugi cikin hancina. Tsami ne, mai nauyi, da ɗan zaƙi a ƙarƙashinsa. Na ɗaga kai na sake shaƙa. Kwana goma sha biyar na toka da gawayi sun yi mini abin da na ƙetare duniya nema. Hancina ya dawo, kuma abin da ya fara ji shi ne warin waɗanda na kashe.

Mantau ya zo a ranar da ya ce. Ya ga mace da aski da buhu, ya kunna fitilarsa.

Na koma Tsamiya Bakwai, na koma sana'ata. Yanzu ina wanke kwalba da toka, ina buɗe taga, kuma ɗan tsinke ɗaya nake ɗorawa a kasko. Iyayen amare suna cewa tsufa ya sa ni rowa, su ce in ƙara, in ce a'a, in sun matsa in miƙa musu kaskonsu su tafi. Maƙwabciyata tana tuyar waina, kullum da safe in ta buɗe tukunyar ƙullu, warin yakan tsallako katanga ya same ni. Ta sha tambayata abin da ya sa nake ajiye abin da ke hannuna in tsaya shiru har ta rufe. Ban taɓa gaya mata ba, ku ne na farko da kuka ji.

Iyakar abin da na gani ke nan a Ƙasar Kumfa. Wanda ya ji, ya roƙa wa Gwaggo Tabo da sauran sittin rahama, in ya samu sarari ya haɗa da ni.